Ƙotar da Sarkin Ruwa Ya Bugi Kifi da Ita

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Amma in faɗa muku tun yanzu, wannan ba ta sauraro kawai ba ce. In na kai ƙarshe kowa sai ya faɗi inda ya tsaya, kuma ban yarda da mai ce mini ai duk ɗaya ne ba.

Akwai wani tafki da ake kira Tafkin Shuɗi. Garuruwan masunta biyu ne suka sa shi tsakiya, Tungar Gawo daga gabas, Tudun Faru daga yamma. Gefen tafkin kowa na iya kafa komarsa duk ranar da ya so, amma tsakiyarsa, inda manyan kifaye suke, sau ɗaya ake buɗe ta a shekara, cikin bazara, ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya. Abin da aka kama daga ranar nan zuwa mako guda shi ake bandawa a ci, a sayar, a yi wa yara tufafi, a gyara rufin ɗaki kafin ruwa ya sauko. Garin da aka hana shi su, sai dai ya ɗaure kayansa ya nemi wani wuri.

Zamanin kakanni garuruwan nan sun taɓa zubar da jini a kan tafkin. Da aka gaji da binne mutane, sai wani tsohon soja ya fito da takobin da ya dawo da shi daga yaƙi. Takobi ne mai lanƙwasa, ƙotarsa ta ƙarfe zalla, kuma ba ƙirar maƙeranmu ba ce. A bakin ƙotar akwai ɗan wuya mai tsawon yatsa, da haƙora tara zagaye da shi, irin waɗanda kuke gani a jikin ƙusar da ake ɗaura wa noti. Wuyan nan ake murɗawa cikin ramin da ke gindin kaifin har su kame juna. Tsohon ya kwance takobin a gaban dattawa, ya ba Tudun Faru kaifi, ya ba Tungar Gawo ƙota. Aka yi alkawari: kowace shekara ranar su, kafin inuwar mutum ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, a haɗu a tsibirin yashi da ke tsakiyar tafki, a murɗa ƙota cikin kaifi har ƙarshe, a jujjuya takobin sau uku bisa kai, a sari ruwa da shi. In ya kame, garuruwa biyu su faɗa ruwa tare. Garin da rabinsa ya ƙi shiga, ko ya yi kwaf-kwaf, ya saki amana, ya fita daga tafkin ke nan. Kuma ba mai ganin rabin wani kafin ranar.

A shekarar da nake ba ku labari, ƙotar tana hannun Sarkin Ruwan Tungar Gawo, wani dattijo mai suna Nomau. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da ita, ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba.

Al'ada ce kwana biyu kafin su, Sarkin Ruwa ya shiga jirgi shi kaɗai ya wanke ƙotar da ruwan tafki. Su ya kama Laraba, don haka Litinin da hantsi Nomau ya tura jirginsa, ya wanke ƙota, ya ajiye ta kusa da ƙafarsa. A hanyar dawowa ya ce bari ya leƙa komarsa da ke bakin ciyawa. Yana jan igiya sai ga giwan ruwa, kansa ya yi turmi! Ku da ba masunta ba, ba za ku gane abin da ya biyo baya ba. Masunci in ya ga kan babban kifi a gefen jirgi, hannunsa ba ya tsayawa shawara da shi. Nomau ya laluba, abin da ya fara taɓawa ya ɗaga ya kai duka da iya ƙarfinsa. Kifi ya goce. Duka ya sauka a kan zoben ƙarfen da ake ɗaure jirgi da shi, ji kake ƙwas! Sai a lokacin ya dubi abin da ke hannunsa. Haƙora biyar cikin tara sun kwanta ta gefe guda. Kifin ma ya yaga koma ya yi tafiyarsa.

Na san Nomau, mutum ne da ba ya sunkuyar da kai. Ranar nan ya shiga gida ƙota ɓoye cikin riga, ya kira 'ya'yansa biyu da ke garin ya rufe ƙofar zaure. Akwai babbar 'yarsa Marka, mai bandar kifi da ɗinkin koma, wadda tun rasuwar uwarsu ita ke kula da ɗakin da ake ajiye ƙotar. Akwai kuma autansa Cindo, magidanci mai gyaran keken ɗinki da agogo a bakin kasuwa. Na tsakiyarsu, Shekarau, maƙerin tagulla ne, yana zaune a wani gari can ƙarshen tafki, tafiyar rabin yini a jirgi.

Nomau ya ce, "Ku dubi abin da ubanku ya yi. Na kashe garin nan a kan kifi ɗaya."

Cindo ya karɓi ƙotar, ya kai ta bakin haske, ya daɗe yana juya ta. Ya ce, "Baba, haƙoran ba su karye ba, kwantawa suka yi. Da magagari zan iya tayar da su. Amma da me zan gwada? In na ci ƙarfe kaɗan, ba za ta shiga ba. In na ci da yawa, ta shiga ta yi kwaf-kwaf. Sai na sami noti mai ciki irin na ramin kaifin sak, ina murɗawa ina gani." Ya juye gwangwanayen shagonsa kaf, ya bi makanikan kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Haƙoran ƙirar wata ƙasa ne ta wani zamani, ba notin da ya kama ko zagaye ɗaya. Kaifin kuwa yana Tudun Faru, kuma zuwa a roƙa a gan shi daidai yake da a je a ce mun sauka.

Ana cikin wannan jimami sai Marka ta miƙe zumbur ta fita da gudu, ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba. Kowace shekara bayan su, takan narka kakin zuma ta lulluɓe wuyan ƙotar da kauri don kada tsatsa ta ci shi. Ranar wanki Nomau yakan ɓanɓare kakin da farce ya zubar. Bana kuwa, saboda kaki ya yi tsada kuma tana son na goge zaren koma, ita da kanta ta murɗo shi a hankali ya fito ɗungurum, ta jefa a kasko da niyyar narkawa in ta gama abincin rana. Ta tarar da kaskon a gefen murhu, wuta ta fara lasar gindinsa. Ta tsoma hannu ta zaro kakin. Da aka leƙa cikinsa, ga sawun haƙora tara reras, kamar yadda suke kafin Nomau ya haɗu da giwan ruwa.

Cindo ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Yaya Marka, wannan noti ne! Sai dai na kaki ne, ina murɗa shi sau ɗaya ya lalace. A kai wa Yaya Shekarau ya mai da shi tagulla."

To, ku ji aikin Marka. Rana ta take, bazara ce, irin zafin da kaki ke laushi ko a inuwa. In sawun ya motsa ko da kaurin gashi, an gama. Ta cika ɗan tulu da ruwan randa, ta saka kakin ciki, ta naɗe tulun da jiƙaƙƙen zane, ta shiga jirgi ita kaɗai don kada gari ya ji abin da ake ciki. Ta yi tuƙi har tafukan hannunta suka yi bororo. Inda ruwa ya janye ta sauka ta ja jirgi cikin laka har cinya. Da ta kai rabin hanya ta taɓa ruwan tulun ta ji ya yi ɗumi, na saman tafki kuma ya fi shi zafi. Sai ta ɗauki gora ta yi nutso can ƙasa inda ruwa ke da sanyi, ta ɗebo ta sauya. Sau huɗu tana yin haka, mace mai jikoki. Ta isa maƙerar Shekarau da la'asar sakaliya, ba ta iya ko miƙe yatsunta. Aka fito da kakin, yana nan daram da taurinsa.

Ku ji na Shekarau kuma. Ga yadda masu zubin tagulla ke aiki: a lulluɓe kaki da yumɓu, a bushe, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbin da ya bari. Kun ga ke nan kakin ba ya dawowa. Zubi ɗaya ne, in ya ɓaci babu na biyu. Shekarau ya tace yumɓu mai laushi kamar koko, ya riƙa shafa shi cikin sawun haƙoran da gashin kaza, shafi bisa shafi, yana hurawa don kada kumfa ta maƙale. Sannan ya bi da yumɓu mai kauri wanda aka kwaɓa da kashin jaki. Irin wannan kwana uku yake so kafin ya bushe, shi kuwa yini ɗaya gare shi, kuma yumɓu mai danshi in ya sha narkakken ƙarfe fashewa yake a fuskar mai zubi. Talata tun da gari ya waye ya zauna gefen toka mai ɗumi yana juya shi da hannu, yana kai shi kunci yana jin ko da sauran sanyi. Ko ruwa sai Marka ta kai masa baki.

Da lokacin narki ya yi, ya dubi tarkacen tagullar da ke maƙerarsa ya girgiza kai. Duk gauraye ce, irin wadda ke barin ramuka a wuri mai siriri. Ya shiga ɗaki ya fito da munduwar mahaifiyarsu, tsohuwar tagulla mai tsabta, ita kaɗai ce abin da ya gada daga gare ta. Marka ta ce, "Shekarau, ta Inna ce fa." Ya ce, "Na sani, Yaya. Ita kaɗai ce za ta bi haƙoran nan." Yana sara ta yana hawaye, ni ban ga laifinsa ba. Aka yi zuga har ta narke. Yana cikin zubi sai yumɓun ya tsage ta gefe, jar tagulla ta fara tsartuwa. Bai saki ba. Ya danne tsagar da dunƙulen yashi da hannun hagu, ya ƙarasa zubi da na dama, babban yatsansa na ƙauri. Da ya huce aka fasa yumɓu, sai ga noti ja wur, haƙora tara a cikinsa ba wanda ya yi giɓi. Marka ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Laraba tun kafin asuba suka kamo hanya su biyu. Ko da suka iso Tungar Gawo hantsi ya ɗaga, kiɗa ya cika bakin tafki, maza sun jeru da goruna da homa, mata sun kafa wutar banda, ba wanda ya san halin da ake ciki. Shekarau ya miƙa wa Cindo notin ya ce, "Tagulla takan ɗan tsuke in ta huce. In ka ji yana tafiya da ɗan tauri, tsaya nan, kada ka nemi ya yi santsi."

Saura na Cindo. Ya naɗe ƙotar da fata ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa. Ya kwaɓa baƙin tukunya da man kaɗe ya shafa cikin notin, ya murɗa har inda ya tsaya, ya kwance. Inda baƙin ya manne a haƙori, nan ƙarfe ya tokare. Sai ya ɗauki ƙaramin magagari mai kusurwa uku, wanda yake gyaran haƙoran keken ɗinki da shi, ya goga sau biyu, ya hure, ya sake murɗawa. Goga biyu, hurawa, murɗawa. Haƙori ɗaya sai ya ci masa gwaji ashirin. Nomau yana tsaye a kansa yana leƙa inuwa a ƙofa, har ya kasa haƙuri ya ɗauko filaya ya ce, "Kawo in murɗa shi da ƙarfi ya wuce kawai!" Cindo, wanda bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba, ya ce, "Baba, ƙarfi ne ya kawo mu nan. Don Allah ka fita waje." Kuma tsohon ya fita.

Haƙori na farko ya tashi, na biyu, na uku, na huɗu. Saura ɗaya, wanda ya fi kowanne kwanciya, sai ga ɗan aike daga tsibiri: Jatau, Sarkin Ruwan Tudun Faru, ya iso da kaifi, kuma inuwa saura taki guda. Dole a shiga jirgi yanzu. To, Cindo ɗan masunta ne, amma tun yana ƙarami ruwa ya taɓa cinye shi aka tsamo shi da ƙyar, daga ranar bai sake taka jirgi ba. Duk garin an san shi da wannan, har tsokanarsa ake yi. Ya dubi tafkin, ya dubi haƙorin. Ya tattare rigarsa ya shiga. Marka na tuƙi, Shekarau ya riƙe masa kafaɗu da hannunsa mai lafiya, jirgi na tangaɗi, shi kuwa ya ƙi ɗaga ido daga ƙarfen. Goga biyu, hurawa, murɗawa. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Hancin jirgi na taɓa yashin tsibiri, noti ya wuce har gindi, da ɗan tauri. Cindo ya kwance shi, ya goge wuyan da gefen riga, ya miƙa wa ubansa ƙota.

Kai, ku zo ku ga jama'a! Jirage sun kewaye tsibirin, bakin tafki gabas da yamma baƙi ƙirin da mutane. Makaɗa suka tsaya cak. Jatau ya riƙe kaifi da hannu biyu, Nomau ya sa wuyan ƙota a rami ya fara murɗawa, jama'a na ƙirgawa da baki ɗaya kamar yadda aka saba. Ɗaya! Biyu! Uku! Har shida lafiya lau. A na bakwai ƙota ta cije. Marka ta dafe ƙirji, Shekarau ya runtse ido. Cindo ya ce a hankali, "Baba, koma baya kaɗan, sannan ka tafi." Nomau ya koma baya kaɗan, ya tafi. Bakwai! Takwas! Tara! Ƙota ta zauna daram. Jatau ya girgiza takobin kusa da kunnensa bai ji ko ƙis ba. Ya dubi sabon sheƙin da ke gindin wuyan, ya dubi Nomau, ya yi murmushi ya ce, "Sarkin Ruwa, kakanni cewa suka yi ta zo lafiya, kuma ta zo. Sari ruwa." Nomau ya jujjuya takobi sau uku bisa kai ya sari tafki. Kafin feshin ya sauka mutum dubu sun faɗa ruwa, ihu da guɗa har tsuntsaye suka watse daga ciyawa. Kifin da aka kama shekarar nan, har yau tsofaffi in suka zauna shi suke tunawa.

Bayan mako guda, da aka kashe wutar banda, Nomau ya tara dattawan Tungar Gawo a ƙofar gidansa ya faɗa musu komai, bai rage ko kalma ba. Ya ajiye ƙotar a kan tabarma ya ce hannun da ya bugi kifi da amanar gari ba zai sake riƙe ta ba. A ba ɗaya daga cikin 'ya'yan nan uku, duk wanda dattawa suka ga shi ya ceci garin, ya riƙe ƙota ya gaji sarautar ruwa. Ƙota kuwa ɗaya ce, ba ta rabuwa, kuma hannu ɗaya ke murɗa ta a tsibiri.

Nan fa aka kaure. Masu goyon Marka suka ce in ba don kakinta ba, da me maƙeri zai zuba, da me mai magagari zai gwada? Ita ta tsamo shi daga bakin wuta, ita ta kai shi cikin rana bai narke ba, kuma shekara da shekaru dama ita ke kula da ƙotar. Aka ce musu ai ba don ƙota ta adana kakin ba, don zaren komarta ne, kuma mace ba ta taɓa murɗa takobin nan ba. Suka ce a nuna musu inda kakanni suka hana.

Masu goyon Shekarau suka ce kaki ko ya kai shekara a tulu kaki ne, ba ya gyara ƙarfe. Shi ne aka ba dama ɗaya tak bai ɓata ba, shi ya narka gadon uwarsa, ga yatsa nan har yanzu a naɗe. Aka ce musu mutumin da ya bar gari shekara goma sha biyar, ya bar su ya kama ƙira, ta yaya zai zama Sarkin Ruwa?

Masu goyon Cindo suka ce a daina kewaye-kewaye. Abin da ya lalace haƙoran ƙota ne, wa ya tayar da su? Shi ya san abin da ake bukata tun farko, shi ya hana a murɗa da filaya a ƙarasa kashe ta, shi ya shiga ruwan da yake tsoro fiye da komai. Aka ce musu da notin wani ya gwada, kuma da su ya wuce ko bakin tafki bai sake zuwa ba, Sarkin Ruwan da ba ya iyo kuwa abin dariya ne.

Su ukun suna zaune a gefe, Marka da tafukanta masu saɓa, Shekarau da yatsansa, Cindo kansa a sunkuye. Rana ta faɗi dattawa ba su daidaita ba, ƙota na nan kwance a kan tabarma, Nomau ya rantse ba zai sake ɗaukarta ba.

Ni dai na sauke nawa. Ga Marka, ga Shekarau, ga Cindo. To, ku da kuke zaune nan, a hannun wa za ku sa ƙotar?